Da Ma Haka Ya Zo

...kuma da kunnena na ji, Inna, ba wani ne ya ba ni labari ba. Da kunnena. Yaya ya yi magana.

Ga ni a kan bencin ƙarfen nan na bakin ɗakin maza. Sun fito da ni — "Malama, ɗan ba mu wuri" — likita da nas biyu suna kansa, sun ja labule. Yau kam kowa ya yi abin da ya ga dama.

Kwana tara. Kwana tara ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, sukudireba a hannu, firjin mutane a buɗe a gabansa. Ɓarin dama duk ya tafi. Hannu, ƙafa, rabin baki. Ido kaɗai ya rage, shi ma rufin ɗaki yake kallo. Likita ya ce ku riƙa yi masa magana, yana iya ji, ku tuna masa abubuwan da ya sani. Matarsa tana yi, daga safe har muryarta ta dishe. 'Ya'yansa suna yi. Ni fa? Ni in na tashi daga makaranta sai in zo in ja kujera in zauna, allin allo bai ma gama fita daga yatsuna ba. "Sannu, Yaya." Shi ke nan. Sai in kalli ledar ruwan da ke ɗiga. Ɗis... ɗis... Me zan ce masa? Mutumin da na shekara huɗu ban ce masa ko ina kwana ba?

Shekara huɗu da rasuwarki, Inna. Kin tafi kin bar mu da wannan.

Wata mai shara tana turo bokitinta, ƙafar bokitin ɗaya tana ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Da Yaya na tsaye da tuni ya durƙusa ya duba. Ba ya iya jin abu na ƙara ya wuce shi.

Kin tuna talabijin ɗinmu? Mai ƙofofin katako, wanda Baba ya sayo a hannun wani abokin aikinsa na gidan waya. Har da ɗan makullinsa, yana cikin zoben makullan Baba. Kika saƙa masa mayafi da zare fari, kamar wani jariri. Baƙi da fari. Sai ya ɗau zafi kafin hoto ya fito — ɗan ɗigon haske a tsakiya, ya yi ta girma, ya yi ta girma... Ƙarfe huɗu tashar ke buɗewa, amma mu tun uku da rabi muna zaune muna kallon layuka a tsaye da wannan fito mai shiga kunne. Kallon layuka! Kuma ba mu gaji ba.

Alhamis, ƙarfe biyar. Shagon Malam Kwance.

Takalman yaran maƙwabta jere a bakin ƙofa, wasu ma ba wari ɗaya ba. Ke kina cewa wanda bai wanke ƙafa ba kada ya taka miki tabarma. Kina cewa ke ba ki da lokacin shirme — sai ki ɗauko tiren shinkafa ki zauna daidai bakin ƙofa, wai tsinta kike yi. Tsinta! Ranar Alhamis ce kaɗai muke cin tsakuwa a gidan nan. Baba kuma wai shi labarai kawai yake kallo. Labarai ƙarfe bakwai ne. Me ke dawo da shi gida biyar saura kwata?

Ni kuwa... ni ce Eriya.

Sunan nan. Yaya ne ya laƙa mini, har ya bi ni makaranta. Eriyar talabijin ɗin ƙaho biyu ce a samansa, ɗaya ya karye, in ba a riƙe ba sai hoto ya koma yayyafi. Ni ce ƙarama, ni ce mai riƙewa. "Eriya, ɗaga! A'a, kin wuce! Dawo kaɗan... tsaya haka! Kada ki numfasa!" Hannuna a sama, kafaɗa tana zogi, ina leƙen hoton ta gefe, fuskokin duk sun yi tsawo kamar cokali. Rabin wasan a fuskokinku na kalle shi. Hasken yana rawa a goshin Baba. Ke kin rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunki suna girgiza. Yaya a gaba, bakinsa a buɗe, yana motsa leɓe tare da Malam Kwance —

Malam Kwance, Allah Sarki. Mai gyaran da bai taɓa gyara komai ba. Hula a karkace, tabarau mai ido ɗaya, aljihu cike da kusoshi suna kacau-kacau in yana tafiya, saboda duk abin da ya kwance ya ɗaure sai kusoshi sun yi saura. "Waɗannan ƙari ne, kamfani ya sa don ado." A kawo masa fanka, ya mayar da ita mai zuƙe iska, ta zuƙe hular mai ita. A kawo dutsen guga, ya koma yana kamo tashar rediyo. In mai kaya ya zo yana kumfar baki, sai ya gyara tabarau, ya kalli abin, ya kalli mutumin, ya kalle mu — mu, a cikin ɗakinmu — ya buɗe hannuwa:

"Ai da ma haka ya zo!"

Sai ɗaki ya fashe. Unguwa gaba ɗaya ta fashe, kana jin gidan da ke bayanmu ma sun ɗauka. Mun san zai faɗa. Kowane mako mun san zai faɗa. To me ya sa bai taɓa daina ba mu dariya ba?

Labulen bai motsa ba tukuna. Ina hango takalman likita ta ƙasa. Baƙaƙe. Suna zagaya gadon. Me suke yi haka? Ko dai — a'a. A'a. Na ji shi. Nas ma ta ji. Tsohon da ke gado na kusa ma ya ji, har ya ce Allahu Akbar.

Yau da rana ne, a ɗakin malamai. Malamin lissafi yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai a kan wayarsa, har yana buga tebur. Ina gyaran littattafan yara, raina a jagule, na kusa ce masa ya rufa mana baki. Sai na ji kiɗan. Ɗan kiɗan buɗe shirin, mai kamar ana kaɗa cokali a kwalba — tin-tin-tirin-tin. Jan birona ya tsaya a tsakiyar maki. Shekara nawa? Talatin da biyar? Wai wani ne ya tsinci tsohon kaset a kayan mahaifinsa, ya sa a intanet. Na ce turo mini. Ban ma san me zan yi da shi ba. Wallahi ban shirya komai ba, Inna. Na gaji ne kawai da shirun da ke tsakanina da shi.

Na zauna. "Sannu, Yaya." Rufin ɗaki. Na ciro wayar, na jingina ta da kofin ruwa a kan ɗan teburin gado, na danna.

Na agogon bango ne. Kin tuna shi? Matar da ta kawo agogo wai yana latti, ya gyara mata ya koma yana tafiya da baya, mijinta ya riƙa zuwa ofis ana tashi. Ta dawo da agogon a ka, ya ce, "Hajiya, ki gode mini, kullum ƙuruciya kike ƙarawa."

Idon Yaya ya sauko daga rufi. A hankali. Kamar ana sauke kaya mai nauyi da igiya. Ban yi motsi ba. Ban numfasa ba — ka ji, Yaya, yau ma ban numfasa ba. Sai ga nas ta shigo awon jini, 'yar yarinya, ba a ma haife ta ba lokacin da ake wasan nan. Ta ɗaga hannunsa na dama za ta ɗaura abin awo, hannun ya sulluɓe ya faɗi kan katifa, tim. Ta ce, "Kai, Baba, wannan hannun naka dai..."

Sai na ji wani gurnani. Na ɗauka shaƙewa ya yi, na miƙe. Leɓensa na hagu yana ja, yana ja, jijiyar wuyansa ta tashi —

"Da... ma... haka... ya zo."

Inna.

Kalma biyar. A karkace, a jiƙe da miyau, kamar an tauna su. Amma su ne. Kuma a daidai wurinsu! Ba maimaita abin da ya ji a waya ya yi ba, Malam Kwance bai ma kai wurin ba tukuna, Hajiya ba ta gama masifa ba. Shi ya ga hannun, ya ji nas, ya ɗauko maganar ya ajiye ta inda ta dace. Yana ciki. Yayana yana cikin jikin nan, da wayonsa, da iskancinsa, duk kwana taran nan yana ciki. Sannan ya yi dariya da rabin fuska, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya zuwa cikin kunnensa, nas ta saki abin awo ta fita da gudu tana kiran likita...

Ni me na yi? Ban sani ba. Ina jin na ce "Na'am?" Kamar wata sakarya. Na'am!

Yaya yana ɗan shekara goma sha biyu ya kwance rediyon Baba. Gaba ɗaya, har 'yan hanjinta, ya baje a kan tabarma. Ya ɗaure, kusoshi uku suka yi saura, rediyo ta ƙi ko tari. Baba ya dawo, ya zare bel, ke kina "Malam, a yi haƙuri," ni na ɓuya bayan ƙofa. Yaya ya ja da baya har ya jingina da bango, ido ya raina fata, sai kawai ya buɗe hannuwa — "Baba, ai da ma haka ta zo." Bel ɗin a sama. Gashin bakin Baba ya fara rawa. Ya juya mana baya, kafaɗunsa suka tona masa asiri, ya fita tsakar gida yana tari na ƙarya. Daga ranar maganar ta zama ta gidanmu. Abinci ya ƙone, da ma haka ya zo. Na faɗi jarrabawar lissafi, da ma haka ta zo. Ranar da na haifi ɗan farina, Yaya ya leƙa zani, ya ga kunnuwan yaron kamar na tulu, ya kalle ni... ban bari ya faɗa ba, na jefe shi da matashi.

Shi ya 'yantar da ni daga eriyar ma. Wata Alhamis hannuna ya gaji, na fashe da kuka a tsaye, ban saki ba dai, ina kuka ina riƙe. Ya tashi daga wurinsa na gaba — wurin da ko Baba ba ya zama — ya karɓa, ya ce je ki zauna. Ya riƙe har aka gama. Washegari ya samo wayar ƙarfe, ya ɗaure ƙahon da sandar taga. Gyaransa na farko da ya yi aiki. Ranar na fara ganin Malam Kwance ta gaba, ashe hancinsa ba dogo ba ne.

Wannan mutumin na tsaya a gaban jama'a na ce wa ba ni ba shi.

Kin san yadda aka yi — a'a, ina za ki sani, kina kwance a ƙasa. Ina asibiti a can garin mijina, lokacin ba mu dawo nan ba tukuna, an yi mini aiki a ciki, kwana shida. Ke kuma jikinki ya rikice a gidan Yaya. Bai kira ni ba. Sai da aka dawo daga rufe ki sannan wayata ta yi ƙara. Na zo da ɗinki a ciki, na same shi a zaune cikin masu gaisuwa, na ce ka hana ni ganin uwata, ka cinye ta kai kaɗai, Allah ya isa. A gaban abokansa. A gaban 'ya'yansa. Bai ɗago kai ba. Ya ce, "To, Eriya." Shi ke nan abin da ya ce.

Sai bayan shekara biyu matarsa ta tare ni a wajen wani biki, ta ja ni gefe. Wai ke ce kika hana. Kika riƙe hannunsa kika ce kada ya kuskura ya gaya mini, zan taso da ɗanyen ɗinki in hau mota, a yi rashi biyu. Kika sa ya yi miki alkawari. Ya riƙe, har da zagina a kai, bai buɗe baki ya ce ke ce ba.

Me ya sa kika yi haka, Inna? A'a... na san me ya sa. Ni ma da haka zan yi wa tawa 'yar.

To na ji gaskiya. Sai na yi me? Shekara biyu ina ɗauko lambarsa ina kallo. Gobe. In an yi hutu. In na sami yadda zan fara. Ina koya wa yara 'yan shekara bakwai su ce "yi haƙuri" in sun taka ɗan'uwansu, ina riƙe kunnensu har sai sun faɗa. Ni kuma...

Da ya tafi a kwana taran nan fa? Da ya tafi yana kallon rufi?

Bai tafi ba. Bai tafi ba. Ki numfasa, ke. Bai tafi ba.

Abin mamaki, hoton wasan a wayar duk ya dushe, yana tsalle. Bangon shagon ashe kwali ne, in an rufe ƙofa sai ya yi rawa. Gemun Malam Kwance hoda ce aka barbaɗa, ana gani ƙarara. Yaro ne, Inna! Bai fi talatin ba. Mu da muke ce masa tsoho. Na girme shi yanzu, nesa ba kusa ba. Ko yana raye? Ko sunansa na gaskiya ban sani ba. Yana wani gida wataƙila, da jikoki, gwiwa na ciwo, bai san yau ya shigo ɗakin maza gado na bakwai ya yi abin da allurai suka kasa ba. Karo ɗaya dai a rayuwarsa ya gyara wani abu. Ina ma in gan shi in ce masa —

Labule. Likita ya fito. Tashi. Tashi mana.

Yana cire tabarau yana goge su da gefen riga. Yana murmushi? Murmushi ne. Wai alama ce mai kyau ƙwarai. Wai ya gane sunansa, ya ƙirga har huɗu, ya matse masa yatsa da hagu. Kada mu ɗora buri da yawa, maganar za ta riƙa dawowa ne kaɗan-kaɗan, wata rana ta zo wata rana ta ɓace. Hannun kuwa sai an ga abin da gashin ƙashi zai yi. Ina gyaɗa kai, ina gyaɗa kai, rabin maganar tana wuce ni.

"Me kika yi masa ne, Malama?"

Na nuna masa wayar. Ya leƙa. Ya ce, "Kai! Malam Kwance!" — babban likita, da furfura a kai, ya buɗe hannuwa a tsakiyar baranda, ya kusa faɗa, ya tuna inda yake, ya mayar da su aljihu. Wai in ci gaba. Ko me nake yi in ci gaba.

Ga matar Yaya can ta taho da kular abinci, tana jan ƙafa, mayafinta ya zame ba ta ma sani ba. Ta ga fuskata ta tsaya cak. Ta ɗauka... wayyo, ta ɗauka ɗaya abin ne. "A'a! A'a, ya yi magana! Yaya ya yi magana!" Kular ta sauka ƙasa, ita ma ta bi ta, ta zauna daɓas a kan siminti. Tana kuka tana tambayata me ya ce, ya kira ta? Ya kira yara? Na gaya mata. Ta share hanci da bayan hannu.

"Kwana tara ina ba shi labarin aurenmu," ta ce. "Ashe mai kusoshi yake jira."

Muna dariya a ƙasa mu biyu, riƙe da juna, mai shara tana zagaye mu da tsumma. Rabon da in yi dariya har cikina ya ƙulle... Ta ture ni. Wai in shiga, ni ya fara yi wa magana, ita sai ta wanke fuska, ba za ta bari ya gan ta haka ba.

Ba ni ya yi wa ba. Nas ya yi wa. Ni ina gefe ne kawai, riƙe da — ni dai ina gefe.

Ɗakin ya yi tsit. Sun ɗaga masa kan gado, sun goge masa baki. Wayar tana hannuna, ta yi zafi, gumi ya jiƙa bayanta. Na tsaya a ƙarshen gadon, wajen ƙafafunsa. Ya rame. Yaushe ya yi furfura haka a gemu? Ba a kwana tara aka yi wannan ba. A shekarun da ba na kallo ne.

Ba rufi yake kallo ba. Ni yake kallo.

Yanzu. Faɗa yanzu. Kalma biyu ce, yara ma suna iyawa. Yaya, ka... Harshena ya yi nauyi kamar ni ce ciwon ya kama. Na ji takun matarsa a bayana, ta tsaya a bakin ƙofa. Leɓensa ya fara ja. Jijiyar wuyan ta tashi. Yatsun hagu suna motsi a kan zanin gado, ba na gane ko kira ne ko kora —

"Mats..."

Ƙarshen kalmar ya narke a gefen bakin da ya mutu.

Matsa? Matso?

Na tare masa matarsa ne, in ba shi wuri? Ko shekara huɗun yake nufi, in tafi, tunda na ce ba ni ba shi? Ko kuwa... Yana ta kallona. Ba zai iya maimaitawa ba, na ga abin da guda ɗayar ta ci masa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ni kuma ba zan tambaya ba. Ina tsoro.

Amma ni ya faɗa wa, Inna. Ko wacce ce, ni ya kalla ya faɗa wa.

Taku biyu ne tsakanina da gefen katifar. Biyu kacal. Na gaji... kai, na gaji. Bari dai in ɗaga ƙafar nan tukuna, in ga inda za ta sauka...